Ranar da Aka Kaɗa Taken Baba

Aikin tuƙi ya kai ni wurare da yawa, kuma duk inda na sauke kaya sai kunnena ya nemi inda ake kiɗa. A kudu na tsaya bakin wani biki na ga Yarabawa suna matse ganga a hammata tana magana, mata masu manyan ɗaurin kai suna rausaya a hankali ba gaggawa. A ƙasar Tibi, inda muke lodin doya, na ga samari suna lanƙwasa jiki har na rantse ba su da ƙashin baya. Can gaba da Maraɗi na ga matan Buzaye sun ɗaure fata a bakin turmi suna kaɗawa, maza na zagaya su a kan raƙuma. Duk na kalla, na yi tafi, wani wurin ma na ɗan girgiza kafaɗa don kada a ce baƙo ya raina. Amma kiɗan da ya kama ni da gaske, ya jefa ni cikin aiki ban shirya ba, a gonar mahaifina na ji shi, a Dauran, ina da tumbi da 'ya'ya har da furfura a gemu.

Ni ne ɗan fari a gidanmu, don haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. Alkunya ce ta mutanen da. In yana so na, sai ya dubi wani wuri ya ce, "Kai." Da na bar gona na koma Ƙaura na kama tuƙi, sai na samu ƙarin girma, na zama "Kai, mai mota." Yabo kuwa ban taɓa jin ko ƙwaya ɗaya daga bakinsa ba. Ƙanena da ke bi mini, shi ake kira da suna, shi ake zagi, shi ake dariya da shi. Na daɗe da sabawa, amma ba zan ce abin bai taɓa ci mini rai ba.

Baba manomi ne na ji da gani. A zamanin ƙarfinsa in aka yi gayya, wato aka tara mutanen gari su yi wa mutum ɗaya aikin gona a yini guda, ba a fara rabon kuyya, wato layin huɗar da kowa zai kama, sai an tambaya ko ya iso. Kuma yana da take. Wanda bai tashi a ƙauyen manoma ba zai ɗauka take kiɗa ne kawai. A wajenmu kowane gidan noma yana da nasa, makaɗi ya san shi, ganga ce ke faɗinsa, kuma gadonsa ake yi kamar yadda ake gadon gona. In aka kaɗa taken gidanku kana wurin, ba ka da izinin zama. Namu gajere ne. Abin da gangar ke cewa shi ne: ba ka waiwaya sai iyaka. Tun daga kakanmu, in mutumin gidanmu ya kama kuyya ana wannan kiɗan, ko me ake yi a bayansa ba ya juyowa sai galmarsa ta taɓa bakin gona.

Daminar da nake magana, ruwa ya sauka da wuri, kuma daji ya ɗan lafa har mutane suka koma gonakin da suka daɗe ba su taka ba. Baba ya shuka babbar gonarsa kaf, gero da wake a tsakani. Shuka ta fito gwanin kyau. Sai ya hau gyaran jinkar rumbu, yana da shekarun da ya kamata ya sa wani, tsani ya goce, ƙafa ta karye a ƙwauri. Maɗori ya ɗaure ta da kara, ya ce kada ya taka.

Ƙanena yana sayar da kayan waya a kasuwar Ƙaura. Ni da shi muka riƙa zuwa muna dubawa. Duk zuwan da muka yi sai mu tarar haki ya ƙara tsawo. Gero ya kai gwiwa, harƙiya ta kamo shi, ganyen ya fara ɗorawa. Shanun huɗa an daɗe da rabuwa da su a yankinmu, kowa ya san dalili. Na ce a yi feshi, Baba ya ce in kashe masa wake ke nan. Na ce to in ɗauko 'yan ƙwadago daga Zurmi. Nan ne ya tashi zaune a kan tabarma, har ya manta da ƙafar.

"Gonag ga ba ta taɓa cin ƙwadago ba," in ji shi, yana duban bango. "Babu gidan da ban yi ma noma ba garin ga. A kira gayya. In Dauran ta mance da ni, ku bar haki shi cinye."

Raina ya ɓaci, don na san halin da ake ciki. Rabon da a yi gayya ta gaske a garin har na manta. Samari duk sun koma kabu-kabu, suna zaune kan babura a bakin hanya tun safe. Makaɗin noma kuma ya bar garin. Amma abincin gidan na shekara yana cikin hakin nan, kuma na ga cewa ba geron kaɗai tsohon yake jira ya gani ba. Yana so ya san ko har yanzu sunansa yana tada mutum daga zaune.

Ƙanena ne ya kawo dabara. Mutum ne mai saurin samun mafita, kuma ba ya tsayawa ya juya ta ya ga bayanta.

"Yaya, bar wahal da kanka," ya ce mini. "Akwai kiɗin noma cikin wayata, na gaske, wani yat tura man shi kasuwa. In na haɗa da sifika, har Zurmi sai an jiya."

Na yarda. Muka bi gida gida muka gayyata, Inna da matan unguwa suka dama fura. Ranar gayyar aka ɗora Baba a amalanken jaki aka kai shi gindin tsamiyar da ke tsakiyar gona. Waɗanda suka zo ba su da yawa, kuma kusan duk sa'o'insa ne, masu ciwon baya da ciwon gwiwa, sun zo don kunyar idonsa. Ƙanena ya ɗaure sifika a bayan babur, ya haɗa da batir, ya murɗa har ƙarshe. Da farko abin ya yi kamar zai tafi. Kiɗa ne na kowa da kowa, tsofaffi suka ɗan yi tsaki suka duƙa. Ana cikin haka sai gangar cikin wayar ta sauya hannu, wani maroƙi ya kware baki yana kirari.

Na ga galmuna sun tsaya ɗaya bayan ɗaya. Wani dattijo ya miƙe ya dafa ƙugu, ya dubi ɗan'uwansa. Wani ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa na rawa. Ni ban gane komai ba sai da na dubi Baba na ga fuskarsa.

Ashe a wata gayya ta ƙetaren gulbi aka ɗauki kiɗan, kuma taken da ke tashi na wani ƙato ne da suka yi zamani da Baba suna gasar noma. Sun kara ba sau ɗaya ba, kowa na cewa shi ya ci, har suka tsufa ba su daina musun ba. Yau ga takensa ana kaɗawa a tsakiyar gonar Baba, da ƙarar da ta isa makwabta su ji, mai gona kuma yana kwance ba ya iya tashi. A wajen manoma wannan daidai yake da a yi shela cewa an karɓe gonar.

"Ku ɗauke ni," in ji Baba. 

Gayya ta watse, fura ta yi tsami a ƙwarya. Kafin mu koma Ƙaura labari ya riga mu isa tasha, yaran mota suna yi mini kiɗa da baki in na wuce. Mutumin ƙetaren gulbi ma ya aiko a gaida Baba da jiki, wai in ya bar masa gonar ne a faɗa masa ya turo yara. Ƙanena ya rame a tsaye. Na zage shi son raina, ko da yake da yardata aka yi, kuma ya shanye. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne saƙon Inna, cewa Baba ya juya fuska bango, tuwo sai ya taɓa ya ture.

Ita ce ta ce mini in tafi Katuru. Makaɗin garinmu, wanda kowa ke kira Sarkin Kiɗi, yana can wajen 'yarsa tun da aka daina kiransa. Na bi ta Shinkafi, hanya duk taɓo, na same shi zaune a ƙofar gida yana tufka igiya. Ɗan ƙaramin tsoho ne, haƙoransa sun ƙare amma bakin bai rage komai ba. Tun kafin in gama sallama ya ɗaga murya don makwabta su ji.

"A'aha! Masu akwati! Mi ya hwaru, batir ya ƙare?"

Na durƙusa na gaishe shi, na haɗiye abin da ya taso mini. Ya bar ni a durƙushe ya yi ta ba'a. Ya tambaye ni ko akwatin namu yana shan fura. Ya ce tunda mun iya, mu sa masa galma ya yi mana huɗar. Da ya gaji sai ya ce in faɗa masa da bakina taken wa aka kaɗa, alhali ya riga ya ji. Da na faɗa, dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya tofar da yawu gefe.

"Takenku ubana yay yi ma kakanka shi," ya ce. "Ni nig gade shi, ubanka yag gade shi, mu biyu munka tsuhwa da shi. A kaɗa wani bisa ƙasa tai ina numhwashi? Tashi ɗauko man ganga."

Gangar tana rataye a bayan ɗaki, ƙarƙashin jinka. Ɓera ya cinye fatar gefe guda, zanzaro ya yi gini a ciki. Na ce a raina wannan ta gama aiki. Shi kuwa ya shafa icen kamar mai duba doki, ya ce lafiyarta lau, yunwa ce kawai. Muka koma Shinkafi ranar kasuwa, ya zagaya majema yana jan fatu yana shinshinawa yana kushewa, har na fara tunanin da gangan yake yi. Da ya zaɓa, aka jiƙa, ya ɗaura, ya ja igiyoyi da hannu da ƙafa. Sai jiran bushewa, ga damina, rana ta leƙo ta koma. Ni ina safa da marwa tsakanin Ƙaura da Katuru, ina tuna haki, ina cizon yatsa. In na ce a yi sauri sai ya ƙwanƙwasa fatar da ɗan yatsa ya ce, "Ji nan. Wagga murya ce za ta kira maza?" A ƙarshe ya hura wutar kara ya riƙa gasa ta daga nesa yana juyawa, har ta fara amsawa da wata irin ƙara da na ji a cikina.

Da zan tafi sanar da mutane sai ya hana ni. "Kak ka gayyaci kowa. Kun gayyata da baki kun gani. Ku dai dama hura da yawa."

Na kawo shi Dauran da sassafe a gaban mota, gangar a kan cinyarsa don ya ƙi a sa ta baya. Na ɗauka gona za mu wuce. Sai ya ce in tsaya a bakin hanya, wajen mai shayi, inda 'yan kabu-kabu ke jiran fasinja. Ya sauka, ya rataya ganga, ta kusa rufe shi. Ya ɗaga gula, sandar kiɗan nan mai lanƙwasa, ya sauke.

Samarin suka juyo. Wasu suka fito da waya suna ɗaukarsa suna dariya. Ya ƙura wa wani dogo ido, ya nuna shi da gula, ya kaɗa wani take. Yaron ya dubi abokansa, ya ɗaga kafaɗa, ya ci gaba da kurɓar shayi. Bai san nasa ba ne. An haife shi bayan an daina, ba wanda ya taɓa kaɗa masa. Na jingina da mota na ce a raina shi ke nan, na ɗauko tsoho daga nesa don a sake yi mana dariya.

Sai na ji guɗa. Wata tsohuwa ce mai tuyar ƙosai a tsallaken hanya. Ta saki matsami cikin mai, ta taso tana gyara zane, ta ratsa babura har gaban dogon nan. Kakarsa ce.

"Kai! Kakanka na anka kira! Mijina na! Kana zaune bisa ƙarhe kana shan ruwan zahi?"

Kafin ya buɗe baki ta zare makullin babur ta ƙulle a bakin zanenta. Abokansa suka fashe da dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba, don Sarkin Kiɗi ya riga ya juya kan na kusa da shi, kuma tsohuwar ta san wannan ma. Ita ta riƙa fassarawa, tana nuna su da yatsa: wannan na gidan wane ne, wannan kakanka ne da ya yi huɗa da zazzaɓi a jikinsa, kai kuma tashi, naku ne. Na ga yaro guda ya ajiye kofi a hankali, ya tambaye ta, "Iya, mi ganga tac ce?" Da ta faɗa masa, sai ya sunkuyar da kai, ya sauka daga babur.

Daga nan Sarkin Kiɗi ya shiga gari, mu kuma muna biye. Kowace ƙofa sai ya tsaya ya kaɗa taken gidan. Daga ciki sai guɗa ta amsa, sai ka ga galma ta ɓullo ta saman danga, hannun mace ya miƙo ta, wata da tsatsa, wata ƙotarta ta sha hayaƙin madafa. Tsofaffin maza suna fitowa da hula a karkace, wasu na share ido ba su damu a gani ba. A wata ƙofa ya kaɗa, aka yi shiru, don mazan gidan babu wanda ya rage a garin. Bai wuce ba, ya sake kaɗawa a hankali. Can sai ga galma ta fito ta saman danga ita ma. Wani makwabci ya karɓa, ya haɗa da tasa ya saɓa.

Da muka zo ƙofar gidanmu na gyara tsayuwa. Sai ya wuce abinsa, ko kallon ƙofar bai yi ba. Na sha gabansa, raina a ɓace, na ce, "Sarkin Kiɗi, nan fa?" Ya ture ni da gefen ganga ya ce, "Ba nan ba." Ina tsaye ina huci sai na ji muryar mahaifina daga ciki, wadda rabon da a ji ta da ƙarfi tun ranar sifika, yana cewa a ɗaura wa jaki amalanke.

Abin da na gani a gonar nan ban san yadda zan kwatanta wa wanda bai taɓa gani ba. Maza suka jeru daga wannan gefe zuwa wancan, kowa da kuyyarsa, ganga a bayansu. Bugu ɗaya galma ta tashi, bugu ɗaya ta sauka, ƙasa ta kife kan haki, ƙafa ta matsa gaba. Da farko samarin suna ta karo da juna, tsofaffi na yi musu tsawa. Ba a jima ba jikinsu ya ɗauka. Sai ga layi guda yana tafiya kamar mutum ɗaya, bayansu na sheƙi da gumi, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika wuri. Wanda aka kaɗa takensa sai ya yi kuwwa ya fice daga layi, ya cilla galma sama, ya juya, ya cafe, ya ci gaba ba tare da ya ɓata bugu ba. Dogon nan na bakin hanya ya gwada, ta kusa sauka a kansa, kakarsa ta rangaɗa masa guɗa duk da haka. Na yi yawo na ga rawa iri iri, amma wannan ce kaɗai na sani da in an gama ta ake waiwayawa a ga abinci.

Ni aikina ranar jigilar fura da ruwa, kuma na gamsu da shi. Ƙanena yana raɓe a bayan tsamiya, kunya ta hana shi fitowa fili. Da ya ga abin ya yi kyau sai ya zaro waya a ɓoye. Sarkin Kiɗi ya hango shi, bai daina kiɗa ba ya ce, "Ɗauka, ɗana, ɗauka. Amma kak ka kai ta gonar wani." Gona ta ɗauki dariya, har shi ƙanen nawa.

Rana ba ta kai tsaka sosai ba aka cinye gonar, sai kuyya guda a gefen gabas, doguwa, wadda ta miƙe har gindin wata aduwa da ke kan iyaka. Wani saurayi ya nufe ta, gangar ta tsaya cak.

"Wagga ta mai gona ta," in ji Sarkin Kiɗi.

Ya tako har gaban tsamiya inda Baba ke zaune da ƙafa a miƙe. Ya gyara rataya, ya tofa yawu a tafin hannu. Sannan ya kaɗa taken gidanmu. Rabona da jin taken nan tun ina yaro, amma na gane shi tun bugun farko. Ba ka waiwaya sai iyaka. Ba ka waiwaya sai iyaka.

Baba ya dafa ƙasa ya yunƙura. Ya koma. Ya sake yunƙurawa, jijiyoyin wuyansa suka fito, ƙafar ta ƙi. Wasu suka kawar da kai. Sarkin Kiɗi kuwa bai sassauta ba, sai ma ƙara wuta yake yi, har na ji kamar in fizge gular in karya. Sai na lura ba Baba yake kallo ba. Ni yake kallo.

Baba ya jawo galmarsa da aka ajiye masa a gefe. Bai dube ni ba. Ya miƙa ta sama, wajen da nake tsaye da ƙwaryar fura a hannu, yana duban gabas.

Na ajiye ƙwaryar. Na tuɓe riga, tumbina ya fito fili, na ji wani ya ce, "Kai, direba!" Na karɓi galmar, ƙotarta ta yi santsi inda hannunsa ya cinye ta. Na duƙa a bakin kuyya.

Sara na farko ya yi zurfi, na biyu ya kauce. Kafin in yi nisa bayana ya fara ƙara, numfashi na fita kamar na tsohuwar mota a kan tudu. Hannun da ya saba da sitiyari ya tashi ruwa, ya fashe. Gangar tana bina a baya, ba ta barin in huta, duk bugu sai na sara. Ina tsakiyar kuyya sai ihu ya ɓarke a bayana, maza na kuwwa, mata na guɗa, na ji muryar Inna a ciki. Zuciyata ta ce dariya ake yi maka. Ta ce ko Baba ne ya faɗi. Wuyana har ya fara juyawa da kansa. Ban san irin ƙarfin da ke cikin taken nan ba sai lokacin, don gangar ta faɗa mini a fili, kamar da bakin mutum, abin da gidanmu ba ya yi. Na kafe idona a kan aduwa. Na ci gaba da sara, ina jin ihun na ƙaruwa, ban san na mene ne ba, har bakin galma ya daki saiwar itacen.

Sannan na juya.

Baba yana tsaye. A kan ƙafa ɗaya yake, ɗayar a sama da karan ɗorinta, hannunsa na hagu a wuyan ƙanena, na dama a dunƙule ya ɗaga shi sama yana jinjina. Ashe tun ina tsakiyar kuyya ya miƙe, shi ne ihun da na ji. Gaba ɗaya gonar an ɗaga galmuna sama. Na tsaya a gindin aduwa, ƙato da ni, ba riga, na yi kuka sosai, kuma ban ji kunyar kowa ba.

Da na dawo gindin tsamiya an zaunar da shi. Na durƙusa na ajiye galmar a gabansa. Ya daɗe yana duban aikin da na yi. Gaskiya ba kyau. Sauran kuyyoyin sun miƙe sambal, tawa kuwa ta yi ta kwana kamar hanyar Katuru, har na binne masa gero a wurare.

"Kai, mai mota," ya ce. "Kuyya ta karkace."

Na ce, "Ta karkace, Baba."

Ya ɗauki ludayi ya kurɓi fura, ya sake kurɓa, irin shan wanda ya daɗe bai ji daɗin abinci ba. Sannan ya ce wa ƙwaryar, ba ni ba, "Amma ba ka waiwaya ba."

Geron ya yi kyau a shekarar, rumbun da ya karya masa ƙafa ya cika har aka nemi wani. Daminar da ta biyo aka yi gayya a gidaje da dama, Sarkin Kiɗi ya dawo garin yana ta yi wa mutane rashin mutunci da bakinsa, ana ba shi haƙuri. Mutumin ƙetaren gulbi bai sake aiko da gaisuwa ba.

Amma kafin girbi, da ƙafa ta warke Baba ya fara takawa da sanda, ƙanena ya ɗauki galma zai gyara karkatacciyar kuyyar nan, don ruwa yana kwanciya a cikinta. Baba ya daka masa tsawa ya ce kada ya taɓa. Inna ce ta ba ni labari daga baya, cewa duk baƙon da ya zo duba shi sai ya ja shi gona, su wuce duk kuyyoyin nan masu kyau bai ce komai ba, har gefen gabas. Nan zai tsaya ya nuna ta da sanda, tun daga farkonta har gindin aduwa, ya ce, "Wagga ta wancan ta. Babban."